Agogon Direban Tirela a Amurka da Dokar Raba Barci Gida Biyu

A Amurka, direban tirelar da ke dakon kaya daga wata jiha zuwa wata yana aiki ne a ƙarƙashin dokar tarayya da ta yanka masa awannin tuƙi, da awannin aiki, da na hutu. Hukumar da ke riƙe da wannan doka ita ce FMCSA, wadda aka kafa a shekarar 2000 a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri domin sa ido a kan manyan motoci da kamfanonin da ke da su. Dalilin dokar a fili yake. Tirelar da ta cika lodi a can tana iya kai nauyin tan 36, kuma idan gyangyaɗi ya ɗauki mai riƙe da sitiyarinta na daƙiƙa uku kacal, galibi mutanen da ke cikin ƙananan motoci ne ke kwana a ciki.

Doka ta kasa ranar direba kashi huɗu, kuma kowane minti dole ya faɗa cikin ɗaya daga ciki. Ko dai yana tuƙi, ko yana bakin aiki amma ba tuƙi yake ba, ko ya tashi daga aiki, ko kuma yana kwance a gadon mota, wato ɗan ɗakin barcin nan da ke bayan kujerar direba. Duba taya da birki kafin tashi, shan mai, lodi, sauke kaya, cike takardu, tsayuwa wurin awon nauyi, duk aiki ne a idon doka ko da motar ba ta motsa ba. Shi ma gadon ba kowace irin shimfiɗa ake karɓa ba. Sai tsawonsa ya kai inci 75, faɗinsa inci 24, da katifa, da hanyar shigar iska, da abin da zai tare mutum kada ya wuntsulo idan an taka birki da ƙarfi.

Daga nan sai agogo biyu da ke tafiya tare. Na farko na tuƙi ne: bayan direba ya huta awa 10 a jere, yana da izinin tuƙin awa 11. Na biyu shi ne wa'adin awa 14, wanda ke fara bugawa daga lokacin da direba ya taɓa kowane irin aiki. Da zarar awa ta 14 ta cika, ba shi da damar sake tuƙi, ko da tuƙin awa biyar kawai ya yi a ranar. Wannan agogo na biyu shi ne mai ba direbobi ciwon kai, domin ba ya tsayawa. Direba ya sauka cin abinci, yana tafiya. Cunkoso ya riƙe shi a wajen Chicago ko Atlanta, yana tafiya. An ajiye shi a ƙofar sito ana jiran masu sauke kaya, nan ma yana tafiya.

Akwai kuma hutun minti 30 da ya wajaba bayan tuƙin awa 8, da iyakar mako: ba tuƙi bayan aikin awa 60 cikin kwana 7, ko awa 70 cikin kwana 8 ga kamfanin da motocinsa ke kan hanya kullum. Wanda ya huta awa 34 a jere, lissafin makonsa ya koma sabo. An yi sassauci ga wanda dusar ƙanƙara ko hazo ko wani haɗarin da ba a zata ba ya tare wa hanya, ana ƙara masa har awa 2 a kan agogon biyu. Masu gajeren zango da ba sa wuce kusan kilomita 278 daga tasharsu, kuma suna dawowa cikin awa 14, an ɗauke musu rubuta rajistar kullum. Direbobin bas-bas na fasinja nasu lissafin daban ne, tuƙin awa 10 bayan hutun awa 8.

Waɗannan alƙaluma ba a rana ɗaya aka same su ba. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka fara ƙayyade wa direbobi awanni, kuma tsarin da ya zauna shi ne tuƙin awa 10 da hutun awa 8. A shekarar 1962 aka cire sharaɗin da ya ɗaure lissafin da yini guda na awa 24, sai ya zama direba na iya tuƙa 10, ya kwanta 8, ya sake tashi, har ya haɗa tuƙin awa 16 cikin yini ɗaya. Lokacin barcinsa kuma kullum sai ya matso gaba da awa shida, yau ya kwanta da dare, gobe da yamma, jibi da rana tsaka. Haka aka zauna kusan shekara arba'in. A 2003 ne aka kawo tsarin 11 da 14 da 10 da ake kai yanzu, kuma tun daga ranar ba a daina zuwa kotu ba. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta soke dokar saboda hukumar ba ta duba tasirinta a kan lafiyar direbobi ba. Aka sake rubuta ta a 2005, aka kuma gyara a 2011, aka sake taɓawa a 2020. Ƙungiyoyin kare rayuka a kan hanya suna ganin an yi sako-sako, kamfanoni da direbobi masu motar kansu suna ganin an shaƙe su, hukuma kuwa tana tsakiya tana shan suka ta ko'ina.

Ba za a fahimci wannan ja-in-ja ba sai an san yadda ake biyan direba. Yawancin masu dogon zango a Amurka da mil ake biyansu, ba da awa ba, kuma dokar ƙwadago ta 1938 da ta tilasta biyan kuɗin ƙarin lokaci ta ware su daga ciki. Ma'ana idan taya ba ta juya ba, aljihu bai motsa ba. Shi ya sa a zamanin rajistar takarda, lokacin da direba ke ja wa kansa layi da biro a kan jadawalin awa 24, aka sha samun masu riƙe littafi biyu, ɗaya na nuna wa jami'in hanya, ɗaya na karɓar kuɗi. Wannan ƙofa ta rufe a watan Disambar 2017, lokacin da aka tilasta sanya na'urar rajista ta lantarki da ake kira ELD. Na'urar a jone take da injin mota. Da mota ta kai gudun mil 5 a awa, ita da kanta take rubuta cewa ana tuƙi, kuma ba a iya mayar da wannan lokaci ya zama hutu. Awannin ba su canza ba a 2017, abin da ya canza shi ne yanzu ana ƙirga su da gaske. Daga nan ne direbobi da yawa suka koma suna nazarin wani sashe na dokar da a da ba su cika damuwa da shi ba, wato raba hutu gida biyu.

Asalin ƙa'idar ita ce hutun awa 10 a jere. Amma direban da motarsa ke da gado an ba shi zaɓin ya raba goman nan kashi biyu. Tun daga 29 ga Satumban 2020 sharuɗɗan su ne waɗannan: kashi ɗaya kada ya gaza awa 7 a jere, kuma dole a cikin gadon mota za a yi shi. Ɗaya kashin kada ya gaza awa 2 a jere, shi kuwa ko a gado, ko a gidan abinci, ko ina, muddin direba ya tashi daga aiki. Idan aka haɗa biyun kuma su kai awa 10. Saboda haka 8 da 2 ya yi, 7 da 3 ya yi, bakwai da rabi da biyu da rabi ma ya yi, amma 7 da 2 bai yi ba. Ba ruwan doka da wanda ya fara zuwa, gajeren ko dogon. Babbar ribar ita ce idan hutun biyu suka haɗu yadda ya kamata, babu ɗayansu da ake ƙirgawa cikin wa'adin awa 14. Daga 2005 zuwa 2020 rabon 8 da 2 kaɗai aka yarda da shi, kuma awa biyun nan suna cin wa'adin direba, shi ya sa mutane da dama ba su ga amfaninsa ba.

Misali zai fi fito da abin. A ɗauka direba ya tashi daga cikakken hutu ya fara aiki da ƙarfe 6 na safe. Awa ɗaya ta tafi wajen duba mota da ɗaure lodi. Ya kama hanya ƙarfe 7, ya yi tuƙin awa 5, ya isa sito da ƙarfe 12 na rana. Ya ɓata awa ɗaya wajen takardu da jera mota, sai aka ce masa babu ƙofar sauke kaya sai nan da awa uku, ya je za a kira shi. Ya ja labule, ya hau gado daga ƙarfe 1 zuwa ƙarfe 4 na yamma. A lissafin da aka saba, wa'adinsa zai cika ƙarfe 8 na dare, don haka tuƙin awa 4 kawai zai samu, duk da cewa yana da ragowar awa 6 a agogon tuƙi. Awa biyu sun salwanta ke nan, tafiyar mil ɗari da wani abu da ba wanda zai biya shi. Amma idan ya ɗauki awa ukun nan a matsayin kashin farko na rabo, wa'adin ya matsa zuwa ƙarfe 11 na dare. Sai ya tuƙa awa shidansa cif, ya faka ƙarfe 10, ya shiga gado ya yi awa 7, ya farka ƙarfe 5 na asuba.

A nan ne sababbin direbobi suka fi yin tuntuɓe. Da ya farka, sai ya ɗauka tunda ya haɗa awa 10 yana da sabuwar awa 11 da sabuwar awa 14. Ba haka ba ne. Doka ta ce a koma ƙarshen hutun farko a fara ƙirga daga can, wato daga ƙarfe 4 na yammacin jiya. Daga lokacin ya riga ya yi tuƙin awa 6, saura 5. Ya kuma ci awa 6 daga cikin 14, saura 8, wanda zai kai shi ƙarfe 1 na rana. Idan ya ƙarar da awa biyar ɗin da ƙarfe 10 na safe, sai ya sake tsayawa aƙalla awa 3 domin su haɗu da bakwan da ya yi da dare, sannan lissafi ya koma farawa daga ƙarfe 5 na asuba, a ba shi awa 6. Haka zai yi ta yi, kowane hutu yana haɗuwa da na gabansa da na bayansa, har ranar da ya kwanta awa 10 a jere ya goge allon gaba ɗaya. Rabon bai ƙara masa ko minti ɗaya na tuƙi ba. Abin da ya yi masa shi ne ya hana zaman jira cinye ranarsa.

Akwai tarko na biyu. Awa biyun nan da ya tuƙa tsakanin ƙarfe 8 da ƙarfe 10 na dare tamkar bashi ne, ba su halatta ba sai ya cika awa 7 a gado. Idan aka buga masa waya bayan awa shida ya tashi ya matsar da mota a kan titi, rabon ya rushe, awa ukun rana sun koma cikin wa'adi, kuma rajista za ta nuna ya yi tuƙi bayan lokaci. Idan ya ce gara ya kama ɗaki a otal ya miƙe ƙafa, nan ma dogon kashin bai cika sharaɗi ba, domin gadon mota doka ta ambata. Haka kuma jiran da aka yi a bakin sito ba ya zama hutu sai in da gaske an sallami direba daga alhakin aiki. Wanda aka ce ya zauna a kujera yana matsawa a layi kowane minti ashirin yana bakin aiki ne. Jami'in da ya kama direba ya zarce awanninsa yana iya dakatar da shi nan take a gefen hanya har sai ya cika hutun da ake binsa, ga tara, ga kuma tabo a tarihin kamfani, wanda masu inshora ke dubawa.

Masu tuƙi bibbiyu, ɗaya na kan sitiyari ɗaya na barci, su gyaran 2005 ya fi taɓawa. Kafin nan suna iya yin biyar-biyar, wannan ya tuƙa awa biyar ya kwanta biyar. Da aka wajabta awa 8 a jere sai tsarin ya rushe. Yanzu an yarda wanda ba ya tuƙi ya zauna a kujerar gefe har awa 3 ana tafiya a ƙirga masa hutu, in dai ya haɗa da awa 7 a gado kafin nan ko bayan nan. Ko barcin da ake yi a bayan mota mai gudu, da jijjiga da ƙarar inji, ya kai barcin da ake yi a ƙasa, wannan wata magana ce da su kansu direbobin suka rabu a kai.

Wannan ya kawo ga raunin dokar baki ɗaya: awannin hutu take ƙirgawa, ba ta ƙirga barci. Na'ura ta san mota a tsaye take, ba ta san ko mai gadon ya runtsa ba. Jikin ɗan Adam yana da nasa agogon, wanda ke janyo barci mai nauyi daga tsakar dare zuwa asuba, da wata 'yar kasala bayan azahar, kuma barcin rana ba ya kama jiki kamar na dare. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hannunsa da saurin lurarsa suna raguwa kamar na wanda ya sha barasa har ta kai ma'aunin 0.05 a jininsa. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama, kuma mai gyangyaɗi shi ne na ƙarshe da ke sanin ya fara.

Haɗarin da ya rutsa da ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan a babbar hanyar New Jersey a watan Yunin 2014 ya nuna wannan rauni ƙarara. Tirela ce ta afka wa motar da yake ciki ta baya, abokin sana'arsa James McNair ya rasu, shi kuma Morgan ya ji mummunan rauni a ka. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ta gano cewa direban tirelar ya yi sama da awa 28 bai yi barci ba. Kafin ya karɓi aiki a Delaware, ya tuƙo motarsa ta kansa daga Jojiya cikin dare, tafiyar kusan mil 800. Duk wannan tafiya a takarda hutu ce, domin bai shiga aiki ba tukuna.

Biyu daga cikin abubuwan da ke lalata wa direba lissafi ba a hannunsa suke ba. Na farko shi ne jiran lodi da saukewa. A shekarar 2018 ofishin babban mai bincike na Ma'aikatar Sufuri ya ƙiyasta cewa ƙarin minti 15 a matsakaicin lokacin jira yana ɗaga yiwuwar haɗari da kashi 6.2 cikin ɗari, kuma jiran yana rage wa direbobi fiye da dala biliyan ɗaya a shekara. Wanda aka ɓata wa lokaci a sito, a kan titi yake ramawa da totur. Na biyu shi ne wurin fakin. Duk wanda ya san yadda tireloli ke cika bakin titi a Tafa ko Marabar Jos da dare ya san girman filin da mota ɗaya ke ci, to a Amurka ba a barin su kwana a gefen babbar hanya, wuraren da aka tanada kuma sukan cika tun da yamma. Direban da agogonsa ya kusa ƙarewa bai sami wuri ba ya shiga halin rana zafi inuwa ƙuna: ya ci gaba ya karya doka, ya tsaya inda bai dace ba ya sayi tara ko abin da ya fi tara. A 2009 an kashe wani direba mai suna Jason a wani gidan mai da aka daina amfani da shi a South Carolina, inda ya faka ya kwana domin ya iso da wuri kuma ba a karɓar kaya kafin lokaci. Da sunansa aka yi Dokar Jason a 2012, wadda ta sa gwamnatin tarayya ta riƙa ƙirga wuraren fakin tare da ba da damar kashe kuɗi a kansu. Ta wannan fuska raba hutu yana da wani amfani na gefe, domin mai rabo yakan iso wurin kwana a lokacin da wasu ke tashi.

Sauran ƙasashe ma sun yarda da rabo, kowa da nasa ma'auni. A Tarayyar Turai tuƙin yini awa 9 ne, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Hutun yini awa 11 ne, wanda ya zaɓi rabawa kuma sai ya yi awa 3 sannan awa 9, wato an ƙara masa awa ɗaya a matsayin kuɗin rabon. Kanada ta fi sakin hannu: tuƙin awa 13 ta yarda da shi, kuma direban da ke shi kaɗai yana iya raba awa 10 yadda ya ga dama a gadon mota, muddin babu kashin da ya gaza awa 2. Direban da ke tsallaka iyaka tsakanin Amurka da Kanada dole ya bi dokar ƙasar da tayarsa ke kai.

A Amurka maganar ba ta mutu ba. Ƙungiyar direbobi masu motar kansu, OOIDA, ta daɗe tana neman a bar direba ya dakatar da wa'adin awa 14 na ɗan lokaci ba tare da sharaɗin gado ba. Hukumar ta sa wannan cikin shawarwarinta na 2019, amma ta janye shi daga dokar 2020. A farkon 2021 ta gabatar da shirin gwada rabon 6 da 4, da kuma 5 da 5, aka kuma sake tayar da shirin a 2025. Masu goyon baya suna cewa direba ya fi kowa sanin lokacin da barci ke zuwa masa, kuma tilasta masa kwanciya da rana tsaka ba ya sa shi barci. Masu adawa suna cewa duk sassaucin da aka ba direba, mai kaya da mai tsara tafiye-tafiye a ofis ne ke karɓe shi, su mayar da shi sabon jadawalin dole. Har sai an kammala gwajin an sauya doka, rabon da ya halatta ga direban kaya shi ne wanda dogon kashinsa bai gaza awa 7 a gadon mota ba.